Ƙullin Mijina Bai Kwance Ba

Kafil ɗinmu, wato maigidan da ya ɗauke mu aiki, shi ne ya ce a ƙara tamke igiyar jirgin. Da kunnena na ji, ina tsaye a bayansa riƙe da jakar matarsa. Daga baya ya tsaya gaban jama'a ya kira mijina maƙaryaci, kuma har muka bar Saudiyya bai taɓa buɗe baki ya ce shi ya ba da umarnin ba. Ban yafe masa ba. An yi mini wa'azi, na saurara, na gode wa masu yi, amma ban yafe ba. Mijina ya rasu, shi kuwa ko yana raye ba mai kai ƙara ba ne, don haka in ban faɗa ba babu mai faɗa. Sai da furfura ta fito mini na koyi riƙe biro a ajin manya na unguwarmu, kuma tun ranar da na iya haɗa baƙi na san abin da zan rubuta ke nan.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a gidan mutumin nan, a unguwar Badi'a cikin Riyad. Mijina direba, ni a kicin. Iƙamarmu duka biyu, wato takardar izinin zama, a hannunsa take. Ɗakinmu na jikin get. Muna ce masa Baba, matarsa Mama, yadda masu aiki ke yi a can, ko da yake mijina ya girme shi nesa ba kusa ba. Ba zan yi masa ƙazafi ba: bai taɓa hana mu abinci ba, bai taɓa ɗaga wa kowa hannu ba. Amma gidan na da ƙa'idarsa. Tsakanin kicin da majalisar maza akwai wata ƙofa. In na haɗa gahawa da dabino sai in ajiye tire a ƙasa, in ƙwanƙwasa sau biyu, in juya. Duk shekarun nan ban san launin shimfiɗar ɗakin ba.

Mijina Basarke ne, mutumin Yauri. Ubansa masunci, kakansa masunci, shi ma a cikin jirgi ya yi wayo. Ni kuwa 'yar tudu ce, ruwan da na sani shi ne na rijiya, shi ma daga sama nake leƙa shi. Da kifi ya yi ƙaranci, bakuna suka yi yawa a gida, sai ya koyi mota, motar ce ta kawo mu Riyad, garin da in an yi ruwan sama mutane ke fita kallo da iyalinsu. Bai taɓa yin ƙorafi ba. Shiru dai ya ƙaru masa, kamar mutumin da ya manta abu a wani wuri bai tuna ko mene ne ba.

Ran Juma'a bayan masallaci yakan tafi unguwar Gubaira, shagon wani tela mutumin Damagaram inda 'yan Nijeriya da 'yan Maraɗi ke taruwa shan shayi. Can suka naɗa masa sarauta.

"Sarkin Ruwa, yau ina aka yi su? A tankin gidan Baba?"

Ya yi dariya tare da su, ya dawo gida ya ba ni labari yana dariya. Amma ni matarsa ce, na san dariyar da ba ta kai ciki ba.

Shekarar da aka haifa mana jika ta farko a gida, wata rana da la'asar, sai ga mota ta jawo jirgin ruwa har ƙofar gida, a kan keken ƙarfe mai taya huɗu. Fari fat, da ɗan ɗaki a ciki, da banɗaki, har da firji. Su suna ce masa yahat. Baba ne ya saya don hutun ƙarshen mako. Teku kuwa tafiyar awa huɗu ce daga nan, can gabas.

Mijina ya leƙo ta tagar kicin.

"'Yar tudu, fito ki ga abin da Allah ya aiko."

"Ya aiko wa wa? Kai ko mai shi?"

"Ke dai fito."

Na fito da ludayi a hannu. Na same shi ya ɗora tafin hannu a cikin jirgin yana shafawa a hankali, yana zagayawa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba a ƙasar nan. A ranar ya tari Baba, shi da ba ya fara magana, ya ce masa da Larabcinsa na direba shi ɗan ruwa ne, ubansa ɗan ruwa ne, a bar masa kula da jirgin. Baba ya yi dariya ya ce to, za a gani.

Aka yi wa jirgin rumfa a tsakar gida. Kullum kafin ya kai yara makaranta sai ya wanke shi da tiyo, ya goge da tsumma, jirgin da babu abin da ya taɓa shi sai ƙura. Na ce masa, "Malam, da ni kake wa wannan hidimar da tuni na yi ƙiba." Ya ce ai ni ba na tsayawa wuri ɗaya a goge ni.

Igiyar da jirgin ya zo da ita ya ja ta sau biyu, ya ce wannan ta shanya ce. Ya tafi Gubaira ya zaɓo wata mai kauri, shuɗiya, ya yanka ta gida huɗu, ya ƙona bakunan da ashana don kada su warware. Da rana in gida ya yi barci sai ya zauna ƙarƙashin rumfar yana ƙulla ta a jikin ƙarfe yana kwancewa. Ƙullin ubansa ne, in ji shi. In jirgi ya ja sai ya ƙara kamawa, in mai shi ya zo da yatsa biyu zai kwance.

Sau biyu aka je teku kafin ranar da nake ba da labari, duka da ni, don ni ce mai abinci. A can akwai tashar masu hali inda ake sauke irin waɗannan jirage, da gadoji na katako da ke kwance a kan ruwa. A jikinsu ake ɗaure jirgi. In ruwa ya hau gadar ta hau tare da jirgin, in ya sauka su sauka tare, mutum ba zai ga komai ba. Wannan sai daga baya na gane shi. A kogin su mijina ruwa da watanni yake cika, da watanni yake janyewa. Inda ka ɗaure jirgi da safe nan za ka same shi da yamma. Ashe teku ba haka take ba, hawa da sauka take yi kowace rana ta Allah. Babu wanda ya gaya masa. Baba kuwa tun yana yaro ake kai shi bakin teku.

A tafiye-tafiyen nan biyu mijina ya nuna kansa. Da ganin launin ruwa yake sanin inda babu zurfi. Baba ya fara miƙa masa sitiyari yana komawa baya shan shayi. Da muka dawo Riyad 'yan Gubaira suka ga hotonsa a waya yana tuƙi, tela ya ce to, yanzu sarautar ta tabbata, saura rawani.

A tafiya ta uku an zo da baƙo, yayan Mama, babban mutum wanda ya daɗe yana aiki a garuruwan gabas. Tun daga Riyad na lura Baba na son burge shi. Ranar Juma'a ce. Aka fita tun da hantsi, aka zaga, yara suka yi ta ihu, ni kuwa ina zaune a ƙofar ɗan ɗakin na riƙe ƙarfe da hannu biyu ina salati. Da azahar ta yi sai yayan Mama ya ce ya san wani gidan kifi a tashar masunta, can gaba, wai babu irinsa a gaɓar duka. Baba ya ce yalla, can za a ci.

Tashar ba irin wadda muka saba ba ce. Manyan jiragen katako na masunta sun jeru uku-uku, huɗu-huɗu, jiki da jiki. Ga ƙarnin kifi, ga warin gas, ga tsuntsaye na ta kuka a sama. 'Yan Indiya da 'yan Bangaladash na jifa wa juna kwanduna, masu baro na tura ƙanƙara, kowa na ihu da yarensa. Babu gadar katako, sai doguwar katangar siminti da zobban ƙarfe a samanta da tsofaffin tayoyi a rataye. Wuri ɗaya ne kawai ya rage, ɗan tsukuku tsakanin wasu jirage biyu masu tsatsa.

Baba ne ke tuƙi. Ya nufi wurin, ya ja baya, ya sake nufa, iska ta karkatar da shi. Gumi ya keto masa. Ya saki sitiyarin ya matsa gefe.

Mijina ya karɓa. Ya rage wuta har injin ya koma kamar numfashi, ya bar iskar ta tura shi, ya ɗan juya, ya ɗan ba da baya. Jirgin ya shige wurin nan kamar ƙafa cikin takalminta, ko taya bai taɓa ba. Wasu masunta da ke sama suka tafa. Yayan Mama ya ce masha Allah, ina ka samo wannan? Baba ya ce ai shi ya koya masa. Na ji, na haɗiye. Wannan ƙaramar ƙarya ce, irin ta masu gida.

Ruwa a cike yake a lokacin, bakin jirgin daidai da saman katanga, har Mama ta taka ta fita ba tare da an riƙe ta ba. Mijina ya yi tsalle da igiyoyinsa, ya ɗaure gaba, ya ɗaure baya, ya bar musu ɗan sassauci kamar kamu guda, yadda yake yi a gida saboda igiyar ruwa. Wani jirgi ya wuce, namu ya yi lilo ya kusa gogar mai tsatsar nan. Baba ya daka tsawa.

"Shidd! Shidd ba'ad!"

Wato a tamke, a ƙara tamkewa. Mijina ya ja. Baba ya ce a ƙara. Ya ja har jirgin ya manne da tayoyi, igiyoyin suka miƙe kamar tsirkiya. Baba ya taɓa ɗaya da ƙafa ya ce zain, ya yi.

Akwai wani tsoho Ba'indiye zaune a bakin jirginsa yana gyaran raga. Ya ɗago ya girgiza kai, ya nuna ruwa, ya yi ƙasa da tafin hannunsa a hankali. Mijina ya tsaya yana kallonsa. Baba ya kaɗa wa tsohon hannu yadda ake korar ƙuda, ya juya ya bi baƙonsa.

A al'ada in suka sauka cin abinci mu a jirgi muke zama, a aiko mana da saura a leda. Ranar, ko don idon yayanta ne ko tausayi ne ya kama ta, Mama ta waigo ta ce mu ma mu zo mu ci.

Mijina ya ce, "Ki je. Ni zan tsaya da jirgi."

"Ka tsaya ka yi masa me? Fifita?"

"Tsohon can akwai abin da yake nufi."

"Yana nufin ka saya masa sigari. Malam, taho."

"Ban san ruwan nan ba."

"Ni ma ban san gidan abincin nan ba, kuma ba zan shiga cikin maza ni kaɗai ba. Taho, don girman Allah."

Ya sake duban igiyoyin, ya dubi tsohon, ya dube ni. Ya biyo ni. Wannan laifin nawa ne, ban ɗora wa kowa ba.

Su suka hau sama, ɓangaren iyali. Mu aka ba mu wani ɗan lungu a ƙasa mai labule, da tabarmar roba da matashi biyu. Aka shimfiɗa leda, aka kawo faranti kamar murfin rijiya: shinkafa mai launin ƙasa da soyayyar albasa, gasasshen kifi guda a kwance a kai, lemon tsami, yaji a ɗan kwano. Tun da aka ɗaura mana aure ban taɓa zama da mijina a wurin cin abinci na waje ba, wani ya dafa, wani ya kawo, wani zai kwashe. Na ɗage niƙabina na rasa inda zan sa hannuna.

"Ci mana, 'yar tudu. Ko sai an ƙwanƙwasa miki sau biyu?"

Ya ja kifin gabansa, ya zare ƙayar bayan da yatsa biyu ta fito ɗungurungum, ya tura mini tsokar wuya. Ya ɗanɗana ya ce ba laifi, amma kifin teku gishiri ne kawai, bai kai giwan ruwa ba, bai ma kai ragon ruwa da uwarsa ke yi wa miya ba. Na ce to tashi ka bar mini. Ya ce ai bai ce ba zai ci ba.

Ranar ya yi magana fiye da ta shekara guda. Ya ba ni labarin ranar da ubansa ya fara barinsa ya ƙetare kogi shi kaɗai, da yadda tsohon ya ɓoye a cikin ciyawa yana kallonsa, shi bai sani ba sai bayan shekaru. Ya ce in mun koma gida zai sa a sassaƙa masa babban jirgi, ya ɗaura masa inji, ya riƙa ƙetarar da mutane ranar kasuwa. Ni zan zauna a gaba in riƙa tsawata wa masu shiga da awaki.

"Ni? A cikin kogi? Allah ya kiyaye."

"Yau ba ga ki a teku ba? Kina ta salati kamar mai naƙuda, har Baba ya tambaya ko a juya."

"Ƙarya kake yi."

"Wallahi yara har kwaikwayonki suke yi."

Na jefe shi da ɓawon lemo. Muka yi dariya har mai kawo abinci ya yi gyaran murya a bayan labule.

Sau biyu ya yunƙura. Na farko muna tsakiyar ci, ya ce bari ya leƙa jirgin ya dawo. Na ce zauna, jirgin jariri ne? Na biyu bayan an kawo shayi. Na kama bakin rigarsa.

"Shekara goma sha ɗaya ina dafa wa mutane. Yau an dafa mini. Ba za ka bar ni in sha shayi ni kaɗai kamar bazawara ba."

Ya koma ya zauna. Ya ce to, Hajiya, an ji.

Larabawa in suka zauna cin abinci da baƙo ba su san gaggawa ba. Aka kira la'asar, aka ja ƙofofin gidan, mijina ya bi maza zuwa masallacin da ke bayan kasuwa, ni na yi tawa a lungun. Ya dawo, na sama ba su sauko ba, an sake kai musu gahawa. Muna zaune ya fara gyangyaɗi sai muka ji hayaniya a ƙofa. Tsohon Ba'indiyen nan ne, yana haki, yana nuna tasha.

Mijina ya fita ko takalmi bai saka ba. Na bi shi da su a hannu.

Da na isa bakin katangar sai na ga kamar an zare wa tekun toshiya. Ruwan da ya kai baki ɗazu ya yi ƙasa, katangar ta fito baƙa, jiƙaƙƙiya, cike da wasu ƙwanso masu kaifi. Duk jiragen masunta sun bi ruwan sun sauka lafiya, igiyoyinsu dogaye. Namu ne kaɗai a rataye. Ƙarfen da ake ɗaure igiya a bayan jirgin ya fizge, ya tafi da ɓallin jikin jirgin kamar faɗin faranti, yana reto a jikin katanga. Gindin ya faɗa ruwa, goshin na sama, igiyar gaba ta riƙe shi kamar akuyar da aka rataye. Farin gefen nan da yake gogewa kullum da safe, ƙwanson sun kankare shi tun daga gaba har baya.

Mutane sun cika wurin. Wasu na dariya, wasu sun ɗaga waya.

Mijina ya bi taya ya sauka. Ya gwada kwance igiyar gaban, nauyin jirgi duka na kanta, ta ƙi. Tsohon ya jefa masa wuƙa. Ya yanke igiyarsa da hannunsa, goshin jirgin ya faɗo ya daki ruwa. Da ya hawo sama tafukansa duka biyu jini ne.

Sai ga Baba da yayan Mama. Yayan ya leƙa ƙasa, ya ɗago guntun igiyar, ya ce wane ne ya yi wannan ɗaurin? Ko yaron da aka haifa jiya a gaɓar nan ya san ba a tamke jirgi a jikin katanga.

Na kalli Baba. Wallahi na ga ya tuna. Na gani a idonsa. Sannan ya juya kan mijina.

"Kazzab!"

Maƙaryaci. Ya maimaita har sau uku, da ƙarfi, don na nesa su ji. Ya ce ka ce mini kai ɗan ruwa ne, ubanka ɗan ruwa ne, ashe ko ɗaurin jaki ba ka iya ba. Mijina na tsaye ba takalmi, jini na ɗiga daga yatsunsa, ya ce, "Na'am, Baba."

Na buɗe baki. Mijina ya waigo ya ce da Hausa, a hankali, "Kul." Mama ta ja abayata ta baya. Na yi shiru, kuma shirun nan har yau yana ci na. Abin da na iya yi kawai, da hankalin kowa ya koma kan jirgin, na durƙusa na jawo igiyar bayan daga jikin zobe, da ƙarfen da ɓallin jirgin a jikinta, na cusa a jakata. Ƙullin ubansa na nan daram a jikin ƙarfen. Jirgin ne ya karye, ƙullin bai kwance ba.

Jirgin bai nutse ba. Wani masunci aka samo ya tuƙa mu zuwa tashar da muka fito, mijina kuwa aka ce ya zauna a baya. Ya zauna kusa da ni, hannuwansa naɗe da ɗankwalina. Wannan karon ban yi salati da ƙarfi ba. Shi ma bai kalli ruwa ba ko sau ɗaya.

Kashegari Asabar da waɗannan hannuwan ya jawo jirgin har Riyad. Muka biya Birnin Masana'antu na Biyu, aka sauke shi a wani garejin masu gyara, sannan muka wuce gida. A bakin get Baba ya miƙa hannu ya karɓi makullin jirgin. Ya ce in an gyara can gabas za a bar shi, a hannun wanda ya san teku. Kai kuma makaranta da kasuwa, shi ke nan.

Da yamma kafin magariba na same shi ƙarƙashin rumfar da babu komai a cikinta. Ya naɗe sauran igiyoyin biyu tsaf, ya miƙo mini.

"Ki yi shanya da su."

"Malam, shi ya ce ka tamke."

"Na sani."

"To me ya hana ka faɗa?"

"A gaban yayan matarsa? Iƙamarmu a hannunsa take, ke da ni. Yara na gida suna jiranmu. Ki bar maganar."

"Ya ce ubanka ba ɗan ruwa ba ne."

Ya dubi tafukansa. Sannan ya ce, "Da ubana ne, da bai bar jirgi a ruwan da bai sani ba ya tafi cin kifi."

"Ni na ja ka."

"Da ƙafata na tafi. Kuma kifin ya yi daɗi." Ya ɗan yi murmushi. "Ki bar shi, 'yar tudu. Na roƙe ki."

Daga ranar bai sake zuwa Gubaira ba. Bayan mun koma Yauri ba a sassaƙa jirgi ba, bai ma nemi masassaƙi ba. Ƙannensa sun yi ta kiransa su, ya ce ƙafa ke damunsa. Yakan je bakin kwata da yamma ya zauna a kan dutse yana kallon masu ƙetarewa, har ciwon ajali ya kwantar da shi. Bai sake taka jirgi ba. Mutumin da aka haifa a bakin kogi, kalma ɗaya a bakin wata katanga ta raba shi da ruwa.

Amma wannan duk daga baya ne. A ranar abin da na sani shi ne mijina ya roƙe ni, ni kuma tun da aka kai ni gidansa ban taɓa tsallake roƙonsa ba.

Washegarin wannan roƙon da safe ya fita kai yara makaranta. Na dafa gahawa, na zuba a buta, na jera ƙananan kofuna da dabino a tire. Yayan Mama a gidan ya kwana, ina jin muryarsu su biyu a majalisa. Na ciro igiyar daga jakata, da ƙarfen da ɓallin jirgin, na ɗora a gefen butar. Na gyara niƙabina. Da na isa ƙofar ban ajiye tiren ba, ban ƙwanƙwasa ba. Na tura ta da ƙafa na shiga.

Shimfiɗar kore ce.

Na taka har tsakiyar ɗakin, na sauke tiren a gaban Baba, na ɗauki ƙarfen na ajiye shi a gaban yayan Mama yadda zai ga ƙullin da kyau. Larabcina na kicin ne, amma ya ishe ni abin da na zo faɗa.

"Inta gul shidd," na ce wa Baba. "Kai ka ce a tamke. Sau biyu ka faɗa. Ina bayanka, na ji."

Na tsaya a wurin, hannuna a ƙirji, ina jiran ya ɗago kai ya dube ni.